Malamar fiyanon 'yata za ta cika shekara 60: me kuka taɓa ba naku malaman?

Maman 'yan biyu, Kaduna: Jama'a barkanmu da warhaka. Shekara biyu ke nan wata baiwar Allah tana koya wa 'yata fiyano duk ranar Asabar. Tsohuwar malamar makaranta ce, ita ke kaɗa wa mawaƙan cocinsu. Yarinyar da ko gaisuwa sai ta ɓuya bayana, yanzu tana zama gaban mutane ta yi kiɗa. Wata mai zuwa Mama, kamar yadda muke kiran malamar, za ta cika shekara 60, ina son in yi mata abin da zai shiga ranta, ga shi ƙarfina ba yawa. Wanda ya taɓa ba malaminsa kyauta ya faɗa mini abin da ya bayar da yadda aka karɓa.

Mai kiɗan situdiyo, Kano: Maman yara, ni a wajen Zoo Road na koya, hannun wani ogana da ke yi wa mawaƙa kiɗa da fiyanon lantarki Yamaha PSR mai maɓalli 61. Shi ba ya bikin ranar haihuwa, don haka da ƙaramar Sallah na yi masa nawa. Wata rana an kawo wuta da ƙarfi, adaftarsa ta ƙone muna tsakiyar aiki, ya koma aron ta maƙwabci kusan wata guda. Na tara kuɗin 'yan ayyukan da yake ba ni, na sayo masa adafta ta asali da ƙaramar sitabilaiza. Har yau in na je gaishe shi sai ya nuna wa yaran shagon ita, ya sa mini albarka. Ki duba abin da take fama da shi wajen aikin, a can kyautar take.

Anti daga Jos: Tamu ta ɗan fi tsada, amma haɗa hannu muka yi, iyaye bakwai. Baban da ke koyar da yaranmu yana da fiyanon katako na gaske, mai maɓalli 88, farare 52 baƙaƙe 36, wanda ya ce tun zamanin mishan yake. To kun san hunturun Jos. Iska ta bushe, katako ya tsuke, tsirkiyoyin ciki su saki, kuma sun haura 200. Damina ta zo katakon ya sake kumbura. A haka sautin ya karkace har ɗana ya fara cewa abin da yake ji a gidan Baba daban yake da wanda yake ji a coci. Baba ya sani sarai, kuɗin kiran mai saiti ne babu, kuma mutum ne da ba zai buɗe baki ya roƙa ba.

Sai muka nemo mai gyaran ta hannun wani fasto, muka biya kuɗin motarsa da na aikinsa, muka gaya wa matar Baba tun da wuri don kada mu yi masa kutse a gida. Mutumin nan ya wuni yana ɗaure tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, ya kuma gyara maɓallai uku da suka daɗe suna maƙalewa. Da yamma Baba ya zauna, ya buɗe Littafin Waƙoƙi, ya yi ta kaɗawa har duhu ya shiga, mu da yara muna tsaye bakin ƙofa. Bai ce mana komai ba sai da ya rufe murfin, sannan ya riƙe hannun kowannenmu. Ban taɓa kashe kuɗin da na ji daɗinsa kamar wannan ba.

Uwargida, Zariya: Ni atamfa turmi ɗaya na ba malamar ɗana, na haɗa da kuɗin ɗinki. Kada a manta kuɗin ɗinkin, in ba haka ba kin ba ta ɗawainiya. Da malami namiji ne kuwa, maigida zan sa ya miƙa, musamman in turare ne.

Malamin fiyano, Abuja: Bari in sa baki tunda mu ake magana a kai. Shekara 14 ina koyarwa. Kofuna masu zanen alamomin kiɗa sun cika mini kabad, kuma na gode wa duk wanda ya kawo, amma shayi kofi ɗaya nake sha. Littafin kiɗa kuma kada ki saya sai kin tambaya. Wata uwa ta kashe kuɗi mai yawa ta sayo mini littattafan jarrabawar kiɗa ta hukumar ABRSM ta Ingila, wadda ake yi daga mataki na 1 zuwa na 8, ba ta san duk shekara biyu suke sauya waƙoƙin fiyano ba. Na tsohon zango aka sayar mata. Na ji mata zafi ƙwarai. Abin da na adana a cikin jakata shi ne wasiƙar da wani yaro ɗan shekara 9 ya rubuta da fensir, yana gode mini da ban yi masa tsawa ba ranar da hannunsa na hagu ya ƙi bin na dama. Ki sa 'yarki ta rubuta da hannunta, kada ki gyara mata ko harafi.

Ɗalibi, Bauchi: Ni dai a ganina a sa kuɗi a ambulan. Ita ta san buƙatarta fiye da kowa, ga halin da ake ciki.

Anti daga Jos: Ƙanena, ga matashin malami na yarda da kai. Amma dattijuwa mai shekara 60, kuɗi tsura daga hannun sa'ar 'yar cikinta zai iya yi mata nauyi, ta ga kamar an ƙara mata kuɗin darasi ne. In za a sa, a ɗora shi a kan wani abu.

Maman 'yan biyu, Kaduna: Allah ya saka muku da alheri. Jiya na raka yarinyar, na zauna har aka tashi, ina lura kamar yadda ɗan'uwanmu na Kano ya ce. Fiyanon nata na lantarki ne. Da tsohon zane take rufe shi, ƙura na shiga ta gefe, fedar kuma an naɗe wayarta da salatif, sai ta taka sau biyu kafin sautin ya riƙe. Na roƙi jikarta ta auna mini tsawo da faɗi a ɓoye, gobe zan kai wa tela ya ɗinka masa riga da yadi mai kauri, in sayo sabuwar feda. 'Yata kuma ta fara wasiƙarta, tana koyon waƙar da Mama ta fi so don ta kaɗa mata a ranar. Malam na Abuja, fedar kowace iri ce ke shiga, ko sai na ɗauko lambar fiyanon tukuna?

Malamin fiyano, Abuja: Ɗauko sunan kamfanin da lambar, suna rubuce a jikinsa. Bakin wayar kusan ɗaya ne, amma wasu fedojin aiki suke a juye in kamfani ya bambanta: ki ɗaga ƙafa sauti ya riƙe, ki taka ya yanke. Ki nemi mai ɗan makunni a ƙasanta, wadda ake juyawa ta dace da kowanne, kuma ki sa mai shagon ya gwada a gabanki.