Haƙƙin mallakar alteplase ya ƙare ko yana nan?

Ɗalibar Harhaɗa Magani:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina haɗa rubutu kan alteplase, allurar nan da ke narkar da gudan jini. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita tun 1987 don bugun zuciya, sai a 1996 aka ƙara da shanyewar ɓarin jiki. Mun karanta cewa haƙƙin mallakar ƙirƙira shekara 20 yake yi daga ranar da aka shigar da takarda. To in haka ne, me ya sa har yau kusan samfurinta biyu kawai nake gani, Activase na kamfanin Genentech da Actilyse na kamfanin Boehringer Ingelheim? Sabunta haƙƙin suka yi ne?

Tsohon Mai Harhaɗawa:
Wa alaikumus salam, 'yata. Haƙƙin asali ya daɗe da ƙarewa, kuma ba a sabunta shi kamar lasisin tuƙi. A Ingila ma bai kai ga tsufa ba, kotu ce ta soke na Genentech tun ƙarshen shekarun 1980, a shari'arsu da kamfanin Wellcome.

Abin da ya tare hanya shi ne yin maganin kansa. Farasitamol kowace masana'anta ta iya haɗa shi, ya fito iri ɗaya sak. Alteplase kuwa furotin ne mai amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 527, kuma ƙwayoyin halitta masu rai, waɗanda aka samo daga ma'ajiyar ƙwan hamster, wata dabba mai kama da ɓera, su ake kiwo a manyan tankuna suna fitar da shi. Abincinsu ya ɗan canza, ko zafin tankin, sai sukarin da ke manne a jikin furotin ɗin ya canza, aikinsa a jini ya iya canzawa. Wannan dabarar kiwon sirrin kamfani ce, kuma sirri ba shi da wa'adi. Wanda ya kwaikwaya, makamanci zai samu, sai kuma ya nuna wa hukuma da gwaje-gwaje cewa ba shi da wani bambanci na a zo a gani.

Likitan Dare:
Baba ya gama magana. Ƙari kawai: mai kuɗin da zai gina masana'anta yana kallon tenecteplase, wata allurar narkar da gudan jini, wadda aka amince da ita a 2000 don bugun zuciya. Ita allura ɗaya ce cikin daƙiƙoƙi, alteplase kuwa sai an rataya ta tana ɗiga awa guda ga mai shanyewar jiki. Asibitoci da yawa sun fara komawa can. Wa zai zuba dukiya a maganin da ake ƙaura daga kansa?

Ɗalibar Harhaɗa Magani:
Na gode ƙwarai. Ke nan in rubuta cewa ba shi da sauran kariya?

Tsohon Mai Harhaɗawa:
A'a, kar ki yi kuɗin goro. Ki ce haƙƙin furotin ɗin ne ya ƙare. Kamfani na iya riƙe wani haƙƙin dabam kan sabuwar hanyar tacewa ko adanawa, kuma kowace ƙasa da rajistarta. Ki ambaci ƙasar da kike magana a kanta, ki duba rajistar can kafin ki miƙa.