Idan Aka Kai Ƙararka Kan Dukan Iyali

A hirar da muka yi a wata majalisa a Garwa, bakin masu ilimin shari'a ya zo ɗaya: in jandarma suka kira ka, ka je, kada ka ɓuya. Dokar tsarin shari'ar laifuka ta Kamaru ta 2005 ta ba ka damar yin shiru da neman lauya tun a ofishinsu, kuma tsarewar farko awa 48 ce, ko da yake ana iya sabunta ta.

An fi nanata maganar takarda. Da Faransanci ake rubuta bayaninka, to in ba ka ji, nemi tafinta kafin ka dangwala yatsa. Kunya ke sa wasu sa hannu a makance.

Wani dattijo ya ce a tura surukai biko. Aka ce masa sulhu daban, matsa wa mace ta janye ƙara daban, wannan ƙara jiƙa wa kai aiki ne.