Gidan kawu a Hotoro ko ɗakin haya a Dambare?

Baban Yara: Assalamu alaikum. Yarona ya samu gurbin karatu a Jami'ar Bayero, sashensu yana sabon mazauni na titin Gwarzo, kuma bai dace da gado a hostal ba. Ƙanin mahaifiyarsa da ke Hotoro ya ce a kawo masa shi. Yaro kuma ya kafe sai dai su haɗa kuɗi da abokansa biyu su kama ɗaki a Dambare. Ni dai a ganina, duk mai ɗan uwa a Kano, kama masa ɗaki ɓarnar kuɗi ce, sakin tarbiyya ne kuma. Me kuka gani?

Alhaji Babba: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka. Maganarka tana kan hanya. Mun ga abin da ya faru a 2022: malaman jami'a suka shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba su janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas ɗakuna a kulle, yara suna gida, kuɗin haya yana ta ƙonewa, don masu gida shekara suke ƙirgawa, ba zangon karatu ba. Wanda ke gidan ɗan uwa ko sisi bai yi asara ba.

Ɗan Ajin Ƙarshe: Alhaji, a yi mini afuwa, amma a duba inda Hotoro take. Tana gabashin gari, makaranta kuwa tana can yamma, gaba da Rijiyar Zaki. Yaron nan sai ya ratsa Kano kaf safe da yamma, yana sauya adaidaita sahu kafin ma ya iso Kabuga. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama wani abu dabam. Baba, ka lissafa kuɗin zuwa da dawowa na kwana biyar a mako, ka haɗa na shekara, sannan ka ajiye shi kusa da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ɗaki. Daga Dambare ko Rimin Gata da ƙafa zai shiga aji. Lacca ta ƙarfe takwas ba ta jiran wanda cunkoso ya riƙe.

Alhaji Babba: Kai ɗana, kuɗin ɗaki kaɗai ka ambata. Ina la'adar dillali? Ina katifa, da tukunyar gas, da kuɗin wuta, da 'yan ga-ruwa kullum? Abinci fa? A gidan kawunsa tukunya ɗaya za a ɗora da shi.

Malama: Baban Yara, ni batun kuɗi bai dame ni kamar batun zaman ba. Shekara biyu na yi a gidan wata 'yar uwarmu lokacin ina karatu, kuma har gobe ina yi mata addu'a, ba ta taɓa hana ni abinci ba. Amma gida yana da hidimarsa. Kai yaran makaranta, cefane, baƙi in sun zo, biki in ya taso. Ba wanda ya tilasta ni, kunya ce ta hana ni cewa gobe ina da jarrabawa. Ɗa namiji ma haka ne, shi zai zama ɗan aike, shi zai jira shago in kawu ya tafi ta'aziyya. Ranar da ya ce ba zai iya ba, magana ta iso gida cewa boko ya sa masa girman kai. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Na ga zumuncin shekara talatin ya yi tsami a kan irin wannan, kuma abin yana ci mini rai, domin kowa da kyakkyawar niyya ya fara.

Hajiya Inna: Malama, duk da haka gara aike da lalacewa. Yaron da bai cika ashirin ba, ba mai ce masa tashi ka yi asuba, ba mai tambayar inda ya kwana. Muna jin labarin ƙwaya da miyagun abokai. Ni ba zan iya barci ba.

Ɗan Ajin Ƙarshe: Hajiya, tsoronki gaskiya ne, ban raina shi ba. Sai dai wanda ke fita Hotoro da sassafe ya dawo bayan magariba, kawunsa bai san inda ya wuni ba. Abin dubawa su wane ne abokan nan biyu, kuma wane irin gida ne. Akwai gidajen da mai gida yake zaune a ciki ko a maƙwabta, ana rufe ƙofa da dare, masallaci yana bakin layi.

Baban Yara: Ɗaya ɗan maƙwabcina ne, tare suka yi haddar Alƙur'ani. Ɗayan ban san shi ba.

Malama: To ka san shi kafin ka biya ko kwabo, ka kira mahaifinsa ku gaisa. Kuma kada a tura wa dillali kuɗi ta waya a kan hoto. Ka je da ƙafarka, ka ga mai gidan ido da ido, a rubuta takarda da shaidu: ranar shiga, ranar fita, wa zai yi gyara in rufi ya yi yoyo. Ka duba rijiya ce ko burtsatse, ka tambayi maƙwabta yadda layin yake da damina. Sannan ka kai yaron wurin mai unguwa ka gabatar da shi, ka damƙa wa kawunsa amanar leƙa shi, shi kuma duk Juma'a ya je Hotoro ya kwana.

Alhaji Babba: Kawun da ya buɗe baki ya ce a kawo masa ɗa, a ce masa an zaɓi gidan haya? Zai ji ciwo, ko bai faɗa ba. Ni ban sauka daga ra'ayina ba. A bar shi ya yi zangon farko a gidan, ya san gari, in ya so a sake neman hostal baɗi.

Baban Yara: Wannan ta kawun ita ce ta fi tsaya mini, Alhaji. Asabar in Allah ya kai mu zan shiga Kano. Zan sauka a Hotoro, da safe mu hau adaidaita ni da shi da yaron har ƙofar makaranta, ya ga nisan da idonsa, daga nan mu tsallaka Dambare tare. Ɗan Ajin Ƙarshe, kana gari ranar?

Ɗan Ajin Ƙarshe: Ina nan, Baba. Ku kira ni in kun wuce Kabuga.