Ɗanyen fure a bikin bazara: yaya kuka yi ya kai dare?

Uwar amarya, Malali: Salamu alaikum 'yan'uwa. Bikin 'yata ya faɗo a Afrilu, tsakiyar zafin Kaduna, ita kuma ta kafe sai ɗanyen wardi a wurin dina, ba ta son na roba. Masu sana'ar da waɗanda suka taɓa yi, don Allah ku faɗa mini abin da idonku ya gani.

Mai kwalliyar wurin biki, Unguwar Rimi: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Zai yiwu, amma aikin ruwa ne da lokaci. Wardin nan masu manyan kai daga Kenya ake kawo su, yawanci daga gonakin gefen tafkin Naivasha, wasu kuma daga Habasha. Kafin kwalin ya iso hannuna sun galabaita da ƙishi. Ina buɗewa sai in sa wuƙa mai kaifi in yanke gindin kowane kara a karkace, in tsige duk ganyen da zai nutse, don shi ke ruɓewa ya ɓata ruwan har karan ya toshe. Ruwa mai tsabta, ɗan sukari, ɗigon Jik, sannan su kwana a sanyin digiri 2 zuwa 4. Da safe za ki ga kan da ya sunkuya ya miƙe. A bazara ba na jera ko ɗaya sai bayan la'asar, shi ma sai na'urar sanyaya ɗakin ta daɗe a kunne. Masu cewa muna tsawwala kuɗi ba sa ganin wannan daren, sai teburin kawai.

Mai lambun furanni, Barnawa: Hajiya, ki guji haidiranjiya, furen nan mai ƙananan furanni cunkushe a kai ɗaya, a wannan wata, kyau gare ta amma ba ta jure ƙishi ko kaɗan. Okid ta fi haƙuri da zafi, sai dai ita kada a sa ta a firji, sanyi mai yawa ke kashe ta. Ganyen da ake cike tsakanin furanni da shi kuwa daga Jos nake samowa, ya fi araha kuma bai sha doguwar tafiya ba. Koren soson nan da ake soka furanni a ciki, in za a jiƙa shi a bar shi ya nutse a ruwa da kansa. In aka danna shi da hannu, tsakiyarsa a bushe take zama.

Amaryar bara, Kawo: Mama, ni lili aka haɗa mini, ƙamshi ya cika ɗakin. Garin rungumar ƙawaye sai jan garin tsakiyar furen ya zuba a farin leshina. Wata anti ta riƙe hannuna ta ce kada in goge, kada in sa ruwa. Salatef ta manna tana ɗagawa a hankali har ya fita. Ki sa a cire wannan tsakiyar tun furen na buɗewa.

Mai girkin biki, Tudun Wada: Na taɓa ganin wardi sun zube a dare ɗaya saboda an haɗa su ɗaki guda da kwandon ayaba da mangwaro. Nunannun 'ya'yan itace suna fitar da wata iska, etilin, mai saurin tsufar da fure. Kuma a tanadi janareta, mu an ɗauke mana wuta ana tsakiyar jerawa.

Uwar amarya, Malali: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Wardin zan taƙaita a teburin amarya da ango da wanda za ta riƙe, sauran wurin a sa okid da ganyen Jos. 'Yar'uwa ta Unguwar Rimi, dina ranar Asabar ce. Wace rana ya kamata kwalin ya shigo Kaduna?