Me ya sa ake ta yabon The Dark Side of the Moon na Pink Floyd?

Ɗan Kurmi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masana kiɗan rok na da. Duk inda aka jera manyan faya-fayen shekarun 1970, sai ka ga wannan faifai a sahun gaba. Amma in ka ɗauko waƙa guda daga ciki, kamar "On the Run" ko "Any Colour You Like", ba ka jin wani abin a zo a gani, ko baiti babu, kiɗa ne zalla. Suna ne kawai ya bi shi, ko akwai abin da kunne ke tsallakewa? Kuma yaya za a ce faifai ne mai jigo guda alhali babu labari a ciki?

Mai Garmaho:
Wa alaikumus salam. Malam, amsar tana cikin tambayarka, inda ka ce "waƙa guda". Ba a yi faifan nan don a tsinka shi ba. Ya fito a watan Maris na 1973, kusan minti 43 ne, waƙoƙi goma, biyar a kowace fuska ta faifan garmaho. Daga sa allura har ƙarshen fuska kiɗan ba ya tsayawa, wata waƙar na narkewa cikin wata. "On the Run" gada ce tsakanin "Breathe" da "Time". In ka cire gada ka ajiye ta a fili, ai katako ne kawai.

Batun jigo kuwa, iri biyu ne. Akwai mai labari da jarumi, kamar The Lamb Lies Down on Broadway na Genesis, 1974, ko The Wall na su Pink Floyd ɗin, 1979. Wannan ba haka yake ba. Roger Waters, mai kaɗa bas, shi ya rubuta baitocin duka, kan abubuwan da ke matse ɗan Adam har hankali ya gushe: gudun lokaci, tsoron mutuwa, kuɗi, yaƙi, taɓin hankali. Sun ga abin da idonsu, don Syd Barrett, jagoransu na farko, ya bar ƙungiyar a 1968 bayan lafiyar ƙwaƙwalwarsa ta taɓu.

Ga zaren da ya ɗinke shi. Bugun zuciya ne ke buɗe faifan, shi ke rufe shi, kuma da babbar gangar ƙafa aka yi shi. A cikin "Speak to Me", wadda minti ɗaya ce da 'yan daƙiƙu, an cusa ɗanɗanon abin da ke tafe: agogo, injin kuɗi, dariya, ihu. A ƙarshen "Time" kiɗan "Breathe" yana dawowa. Ita "Any Colour You Like" da ka raina, kai-komo ne tsakanin haɗin amo biyu, Dm7 da G7, wato tafiyar "Breathe" ce aka sauke ta mataki guda. Wanda ya ji fuskar farko, kunnensa zai gane gida.

Wani abin kuma, sun fara kaɗa shi a gaban jama'a tun Janairun 1972, sama da shekara kafin ya fito. Shi ya sa ɗinkin bai nuna ba.

Injiniya Bala:
Bari in ƙara ta ɓangaren sitidiyo, don rabin darajarsa a nan take. A Abbey Road da ke Landan aka ɗauka, a kan tef mai layi 16, Alan Parsons ne injiniya. Babu kwamfuta, reza ce da rula da gam ɗin liƙa tef.

Ɗauki farkon "Money". An ɗauki ƙarar tsabar kuɗi, da yaga takarda, da injin kuɗi na kanti, aka yanka tef gida bakwai masu tsawo ɗaya, aka liƙa su zobe. Zoben ya fi ƙarfin na'urar, sai aka zagaya da shi ta jikin sandar makirfo don ya tsaya a miƙe. In yanki ɗaya ya fi 'yan'uwansa tsawo, bugun zai riƙa ɗingishi a kowane zagaye. Bakwai ɗin ba banza ba ne: waƙar a kan bugu bakwai take tafiya, ba huɗu ba. Ka bi bas ɗin kana ƙirga ɗaya zuwa bakwai, za ka ga ya koma farko daidai. Dick Parry ya busa saksofon a kan bakwai ɗin, amma da David Gilmour zai shigo da jita sai aka juya zuwa huɗu. Jin da ake kamar an kwance wa waƙar dabaibayi a wurin, wannan juyin ne.

"On the Run" kuwa amo takwas ne kacal aka shigar cikin na'urar ƙirƙirar sauti ta EMS Synthi AKS, aka ƙara mata gudu, ana murɗa matatar sauti da hannu. Agogunan farkon "Time" Parsons ne ya ɗauke su ɗaya-ɗaya a shagon kayan gargajiya, don gwajin sauti mai sifika huɗu, daga baya aka jera su su kaɗa tare. Muryoyin da ke magana ƙasa-ƙasa yawancinsu na ma'aikatan ƙungiyar ne da na sitidiyon, har da mai gadin ƙofa Gerry O'Driscoll. An rubuta tambayoyi a kati suna amsawa. An ɗauki muryar Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ma, ba a sa tasa ba.

Sai "The Great Gig in the Sky". Fiyanon Richard Wright ne, aka kira Clare Torry ta rera ba da kalmomi ba. Fam 30 aka biya ta. Ta kai ƙara a 2004, aka sasanta a 2005, yanzu sunanta na cikin marubutan waƙar.

Hajiya Turai:
Malamai, a yaba amma a faɗi gaskiya. In gwanintar yatsu ake nema, Close to the Edge na Yes ko Thick as a Brick na Jethro Tull, duka na 1972, sun fi shi nesa ba kusa ba. Nick Mason ba ya wahalar da ganga, yawancin waƙoƙin tafiyar hawainiya suke, kuma in ka cire bakwai ɗin "Money" sauran gininta salon kiɗan blues ne na yau da kullum. Baitocin ma ba su da ɓoye-ɓoye. Sai dai a ganina wannan sauƙin ne ya sa ya yi mako 741 a jadawalin cinikin faya-fayai na Billboard a Amurka tsakanin 1973 da 1988, abin da waɗancan ba su ko kusanta ba. Inda ya fi kowa shi ne barin fili. Saurari "Us and Them": bas ya kafe a kan amo guda, wato D, fiyano na sauya launi a samansa, ana barin kowace kalma ta yi amsa-kuwwa kafin ta gaba ta zo. Wright ya fara rubuta kiɗan ne don fim ɗin Zabriskie Point, darakta ya ƙi shi.

Ɗan Kurmi:
Na gode ƙwarai. To a waya, yaya zan ji shi yadda ya kamata?

Injiniya Bala:
Kashe cakuɗa waƙoƙi tukuna. Kashe kuma saitin da ke shigar da ƙarshen waƙa cikin farkon ta gaba, don faifan ya riga ya yi nasa, in ka ƙara naka sai ya cinye daƙiƙun mahaɗar. Kunna saitin bi-da-bi babu giɓi. Fayilolin MP3 da aka sauke ɗaiɗai sukan zo da ɗan shiru a kai da gindi, sai ka ji "ƙit" daidai inda "Us and Them" ke zubewa cikin "Any Colour You Like". Fayilolin FLAC ba sa yin haka in manhajar ta iya.

In akwai saitin daidaita ƙara, sa shi a kan faifai gaba ɗaya, ba waƙa-waƙa ba, in ba haka ba zai ɗaga masu sanyi ya danne masu ƙarfi. Kada bugun zuciyar farko ya ruɗe ka ka ƙure ƙara, da gangan aka yi shi can ƙasa, kuma agogunan "Time" na nan tafe. Sifikar waya ba ta fitar da wannan bugun sam, kuma ƙaramar sifika guda tana haɗe hagu da dama, sai takun mai gudu a "On the Run" ya daina ratsa kai. Sa abin kunne mai rufe kunnuwa biyu. Bayan waƙa ta biyar ka dakata kamar rabin minti, nan ne ake juya faifai, sannan ka saki "Money".