Ɗan ƙwaya ya san abin da yake yi?

Lawali: Salamu alaikum jama'a. Ni dai na gaji da jin wai shaye-shaye cuta ce. Yaron maƙwabcinmu da ke haƙar zinari wajen Anka, an kwana ana ruwa, da safe kowa ya ga bakin ramin ya tsage, abokan aikinsa suka ƙi shiga. Shi ya afa tiramol, ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Da sauran kwana, ƙafa ce kawai ta karye. Wanga ganganci ne, ya san komi.

Hauwa: Allah ya ba shi lafiya. Yaya Lawali, sani kam ya sani. Awon riba da asara ne ya lalace masa. A 1994 masu bincike a Jami'ar Iowa ta Amurka, su Bechara da Damasio, suka fito da wani gwaji na kati kashi huɗu. Kashi biyu suna ba da kuɗi mai tsoka amma tararsu ta fi ribar yawa. Sauran biyun kaɗan-kaɗan suke bayarwa, amma su ke da riba a ƙarshe. Mai lafiya in ya ƙonu ya ƙara ƙonuwa sai ya koma wa masu kaɗan. Da aka gwada masu shaye-shaye, da yawansu suka yi ta komawa inda ake cinye su, alhali ba su sha komi ba lokacin gwajin.

Lawali: Da yawansu kika ce, ba dukansu ba.

Hauwa: Haka ne, akwai waɗanda suka yi daidai da kowa.

Malam Sanusi: Ai malamai sun riga Turawa wannan gardama. Aya ta 43 a Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye har sai mutum ya san abin da yake faɗa, ka ga maye na ɗauke sani ke nan. Duk da haka a mazhabarmu ta Malikiyya sakin wanda ya bugu da haram yana aukuwa, don shi ya jawo wa kansa. Ibn Taimiyya kuma ya ce bai aukuwa.

Lawali: Madalla Malam. Shi ya jawo wa kansa. Magana ta ƙare.

Bello: Ba ta ƙare ba Kawu. Kun san ni, na sha, Allah ya raba ni da ita. Ina kabu-kabu a Gusau na fara, don in yi dare ban gaji ba. Ƙwayar farko zaɓina ce, ban musa ba. Amma da tafiya ta yi nisa, in na tashi da safe jiki na ciwo, hanci na zuba, gumi na keto mini, wallahi ko cewa ka yi za ka ba ni dubu goma gobe, dubu biyun yanzu zan karɓa. Gobe ba ta cikin lissafina sam. Kamar babur ne mai cikakken mai ba birki.

Hauwa: Shi ma wannan an auna shi, masu shaye-shaye sun fi saurin sayar da babban rabon gobe a kan ƙaramin na yau. Sashen gaban ƙwaƙwalwa da ke tsayar da mutum ya yi tunani ba ya gama nuna sai an haura shekara 20, ga yaranmu tun suna sakandare suke farawa. Kuma tiramol ɗin da hukumar kula da magunguna ta NAFDAC ta yarda da shi mai miligiram 50 ne da mai 100, na hannunsu mai 225 ne, mai iya jefa mutum farfaɗiya yana bisa babur ko cikin rami.

Abdullahi: Tambaya Anti. Ƙwayar ce ta sa su kasada, ko dama masu kasadar ne ke faɗa mata? Wanda ke shiga rami mai tsawon gaba goma ai ba matsoraci ba ne tun asali.

Hauwa: Duka biyun. Wasu da halin suka zo, ƙwaya ta ƙara masa gishiri. Kuma ga abin da zai yi wa Yaya Lawali daɗi: a Amurka akwai maganin da ake ba mutum 'yar kyauta duk ranar da fitsarinsa ya fita ba ƙwaya, kuma yana aiki. Zaɓi bai mutu ba ke nan, lada na kusa kawai yake ji.

Lawali: A biya shi don ya bar haram? Ni a kai shi gidan mari ya ji a jikinsa.

Bello: Kawu, mari ƙafa yake riƙewa. Ranar da aka kwance shi, ya koma ya afa adadin da ya saba alhali jiki ya manta, a nan ake ɗaukar gawa.

Malam Sanusi: Kuma mun ga abin da aka tarar a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum sama da 300, wasu cikin sarƙa. Wannan ba tarbiyya ba ce.

Lawali: Ni dai ban janye ba, laifinsa na nan. Amma uban yaron na neman inda zai kai shi in ƙafar ta warke.

Hauwa: Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato. Kafin nan a gaya wa mai duba ƙafar cewa yana shan tiramol, don ya san irin maganin ciwon da zai rubuta masa.