Madubin babur da gefen da ba ya nunawa: kowa ya faɗi abin da ya gani a titi

Malamin firamare, Yelwa:
Assalamu alaikum jama'a. Kullum da babur nake shiga cikin garin Bauchi daga Yelwa ta titin Dass, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Sabon Boxer zai fito daga shago da madubansa biyu, tun ba a cire masa leda ba an kwance su. Waɗanda suka bar nasu kuma, wani na kallon fuskar mai shi, wani na kallon sama. Shekaranjiya a daidai Gwallameji wani bawan Allah da ke gabana ya hango mai rake a ɗaya hannun, kawai ya karya kan babur ya tsallaka, ba sigina ba waiwaye. Allah ne ya sa birkina na ci. Kuma shi madubansa biyu lafiya lau. To madubin ya wadatar ne, ko sai an haɗa da juya wuya? Masu hawa su ba mu labari.

Mai keke Napep, tsohon ɗan achaba, Wunti:
Wa alaikumus salam Malam. Na daɗe ina achaba kafin gwamnati ta hana a 2020 na koma keke. Madubi na bayanka yake nuna maka, wanda ya zo daidai tayarka ta baya ya ɗan fita gefe kuwa ya ɓace. Ya fita daga madubi, wutsiyar idonka kuma ba ta kai gare shi ba tukuna. Duk mai shakka ya kafe babur a ƙofar gida, ya zauna a kai, ya sa yaro ya tako daga baya ya bi ta gefe, shi kuma ya zuba ido a madubi. Akwai inda yaron zai ɓace ɓat, alhali yana nan tsaye. A wannan wurin mota sukutum take ɓuya.

A keke abin ya fi muni. Da damina mun saki labule, ga fasinja ya matse ka a gaba. Masu babur, don Allah ku daina bi ta damanmu a bakin kasuwar Wunti. Fasinja na cewa "a nan" za mu karkata dama, ba mu gan ku ba.

Ɗalibi, Gubi:
Ni dai gaskiya nawa ba madubi, kuma ba don gayu ba. A cunkoson kasuwar Muda Lawal madubi shi ke fara dukan motar mutane, a kama ka da biyan fenti. Sannan ana sacewa in ka ajiye. Kunne yana gaya mini abin da ke bayana, in zan juya kuma na waiwaya. Har yau ban taɓa faɗuwa ba.

Mai keke:
Ƙanina, gani ya kori ji. In tifa na ruri a gefenka ba za ka ji ƙaramar motar da ke ɗaya gefen ba. Kuma wanda ba shi da madubi waiwayensa dogo ne, sai ya juya gaba ɗaya ya ƙare wa titi kallo. A gudun kilomita 60 a awa, cikin daƙiƙa ɗaya ka ci kusan mita 17 ba ka ga gabanka ba. Akuya nawa za ta shigo titi a wannan tazarar? Mai madubi ya riga ya san abin da ke baya, haɓa kawai zai kai kafaɗa ya dawo.

Direban tirela, hanyar Gombe:
Ku ba ni dama in yi magana daga saman mota, don ku kuna maganar wanda ba ku gani, ni kuma ku ne ba na gani. Ina zaune a hagu, saboda haka gefen dama na mota shi ne inda na fi makancewa, tun daga ƙarƙashin ƙofar yaron mota har tsawon bodi. Gaban hancin mota ma haka, babur zai shiga ya tsaya ban san da shi ba. Bayan bodi kuwa ba a magana.

Wata rana da yamma na taso daga Gombe, na wuce Alkaleri na haye gadar Dindima, ina dab da shiga gari zan shiga gidan mai a hannun dama. Doguwar mota ba ta shiga kwana kai tsaye, sai ka buɗe hagu tukuna sannan ka karyo, domin tayoyin baya suna yanke kwana, ba sa bin sawun na gaba. Na kunna sigina, na buɗe. Wani mai babur ɗauke da buhun masara ya ga fili ya buɗe a dama, ya ɗauka hanya na ba shi, ya shige. Ihun yaron motata ne ya sa na take birki. Da na sauko, tsakanin buhunsa da tayar baya bai kai taku ɗaya ba. Mutumin ya zauna a ƙasa yana ta salati, ni ma ƙafata rawa take. Da abin ya faru da an ce direban tirela ya take mutum, wa zai tsaya jin bayani?

Abin da nake gaya wa 'ya'yana shi ne, in kana kusa da babbar mota ka nemi fuskar direba a madubinsa. In ba ka ga fuskarsa ba, shi ma bai gan ka ba. Ka wuce ta hagu da sauri ko ka ja baya, kada ka jera da mu kuna tafiya tare.

Ma'aikaciyar jinya, Fadaman Mada:
Alhaji Allah ya ƙara tsarewa. Ni ba na tuƙi, ƙanena ke kai ni aiki, amma na baya ma yana da nasa. Ranar da iska ke kaɗawa hijabina yakan buɗe ya cika masa madubin gaba ɗaya, sai ya ce "Yaya, tattara." Yanzu tun kafin mu tashi nake naɗe shi in danne, dama ga tsoron kada ya shiga taya. In na riƙo katon kwali ko jaka a cinya ma haka ne. Masu goyon biyu da masu ɗauko katifa, ban san me suke gani a madubin ba.

A wurin aiki kuma abin da nake yawan ji daga bakin waɗanda aka kawo da karaya shi ne "ban gan shi ba." Wanda ya buge da wanda aka buge duk haka suke cewa.

Bakanike, Railway:
Malam, rabin madubin da ke zuwa gareji ba a saita shi ba. Ka hau babur ka zauna yadda kake zama in kana tafiya, ba a tsaye a gefe ba. Ka tura madubin waje har sai gefen kafaɗarka ko gwiwar hannunka kaɗan ya rage a ciki, sauran duk titi. In rigarka ta cinye rabin gilas, kanka kake kallo. Masu babbar riga ranar Juma'a, ku naɗe hannun riga.

Gilas ɗin kuma yawanci mai ɗan tudu ne, don ya ɗebo fili da yawa, shi ya sa yake ƙanƙanta abu. Motar da ka gani can nesa ta fi kusa da yadda take a madubi. Mutane na shiga gaban mota saboda wannan.

Sai rawa. Injin mai silinda ɗaya yana girgiza, in noti ya saki sai madubi ya riƙa lilo ko ya sunkuya da kansa. Sifana ce kawai, a ɗaure notin ƙasa. Na arha da ake sayarwa wasu gilas ɗinsu yana murguɗa hoto, ka duba kafin ka biya. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙura da safe.

Dattijo, Kofar Dumi:
Yaran nan kun tuna mini da 1972, lokacin da aka yi canjin hannu a watan Afrilu, aka bar tuƙi ta hagu aka koma dama. Ina saurayi da keke na. An daɗe mutane na waiwayawa ta kafaɗar da suka saba, abin kuma ta ɗayar yake tahowa. Wuya ma sai an koya masa. Yanzu na tsufa, wuyan ba ya juyawa kamar da, ga hular kwano da aka matsa a kanta tun 2009 tana ɗan rage gefen ido. Don haka in zan tsallaka titin Jos zuwa hagu ba na yin jayayya da kowa. Nakan sauka gefen dama in tsaya cak, in duba da idona biyu, sannan in haye. Jikokina na yi mini dariya, ni kuwa ko a jikina.

Malamin firamare:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Abin da ban ji an taɓo ba shi ne shataletale. Wurin fita ake yawan gogayya, domin wani na zagayowa ta damanka daidai lokacin da za ka fita, madubi kuma a karkace yake saboda babur ya kwanta. Nan kam ni waiwaye nake, kuma tun kafin in iso mafita nake komawa layin waje.

Ɗalibi:
To naji Alhaji direba, maganar fuska a madubi ta shige ni. Amma Oga bakanike, na ɗauko tsofaffin madubaina ɗazu, na dama ya ƙi shiga, ina murɗawa yana fitowa. Ko ramin ya lalace ne?

Bakanike:
Wane irin babur ne? In Yamaha ne, na dama a juye ake ɗaure shi, ka murɗa ta hagu. Kada ka tilasta masa ka cinye ramin. Sannan ƙafar madubi akwai mai milimita 8 akwai mai 10, ka tabbata nasa ne. In ya ƙi, ka kawo shi gobe bayan la'asar in duba.